Tankin da Ke Ƙarƙashin Ɗakin Hindatu

Duk wanda ya san Bappayo a Zuba zai gaya maka ƙafarsa ba ta san zama ba. Ko a masallaci, liman na sallamewa ya miƙe kamar an kira shi. Ni ban ga laifinsa ba. A ruga aka haife shi, a bayan shanu ya yi furfura, kuma magani ɗaya ya sani na kowace damuwa: in wuri ya ɓaci, a tashi. Ciyawa ta ƙare, a tashi. Manomi ya ɗaure fuska, a ɗaure kaya a bayan takarkari.

Matarsa Hindatu ta bi shi shekara da shekaru ba ta ce uffan ba, har gwiwoyinta suka yi mata magana. Ran da ya ga ta zauna a bakin rafi ta kasa tashi sai da aka kama ta, ya yi mata alkawarin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya ce, "Kin gama ƙaura. Inda zan kai ki, daga nan sai kushewa." Ta dube shi kawai, ta ce Allah ya sa.

A shekarar da motoci suka koma hannun dama ya sayar da shanunsa, ya bar saniya ɗaya ta tatsa, ya sayi gida a bakin hanyar Kaduna. Mai gidan wani Maude ne, mai babbar mota, yana ta gaggawar barin gari. Bappayo ya duba gidan nan yadda ake duba saniya a kasuwa: ya ƙwanƙwasa katanga, ya leƙa rufin kwano, ya zagaya bayansa. Ya ga wani bututun ƙarfe mai murfi ya fito daga ƙasa a jikin ɗakin kwana, amma bai tambaya ba, don a wajensa yawan tambaya a gaban baƙo zubar da kai ne. A ransa ma cewa ya yi Allah ya ba shi turke a sama, ya ɗaure saniyarsa a nan.

Saniya kuwa ta yi ta fizgar igiya har murfin ya saki. Wani wari ya soma tashi da rana tsaka, mai hawa kai. Matan da ke sayen nono a wajen Hindatu suka fara yamutsa fuska, suna cewa yana ƙamshin tashar mota.

Ana cikin haka duba-gari ya zo daga garin Abuja na wancan zamanin, Malam Dallatu, wanda aikinsa leƙa randuna da magudanan ruwa. Yana shigowa ya tsaya cak, ya bi warin har bututun, ya zura kara ya zaro ya sansana.

Ya ce, "Baba, ka san a kan me kuke kwana? Tankin fetur ne aka binne a nan, rabinsa a ƙarƙashin ɗakin nan. Wanda ya sayar maka a ɓoye yake sayar wa direbobi mai, ba izinin hukuma. Ƙarfen ya yi tsatsa, ga murhunku kusa da shi. Daga yau ko ashana kada a ƙyasta a gidan nan. A cika shi da ruwa kafin ƙarfen tono ya taɓa shi, a tone shi a fitar. In na dawo yana nan, dole in rufe gidan."

Bappayo ya ce ai ba shi ya binne ba. Dallatu ya ce ya sani, amma wanda ya sayi saniya shi ke da ƙahonta.

Daga ranar gidan ya zama ba wuta. Hindatu takan ɗauki tukunya tana ɗingishi ta tsallaka gidan maƙwabcinsu Yamusa, manomin doya ɗan Gbagyi, ta yi girki a murhun matarsa Lydia. Shi kuwa Bappayo kai ya ɗau zafi. Ya je tasha neman Maude, aka ce ya yi Kaduna, wasu suka ce Lokoja. Ya dawo ya zagaya bututun, ya fita, ya komo, ya sake zagayawa. Tono? Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba? Ya je ya roƙi manoman da ya shekara yana ba haƙuri kan ɓarnar shanu? Ga kuma bangon ɗaki, dole ya faɗi. Tsohon ciwon nan ya motsa masa, ya soma fita bayan gari yana duban hanyar da makiyaya ke bi zuwa kudu. Tsoro yake ji, da takaici, da wata kunya da bai san inda zai ajiye ta ba.

Wata safiya ya tarar da Hindatu tana wanke ƙwarya. Ya tsaya yana kallon gefe ya ce, "Wurin nan ya ɓaci. Na ji ana yabon wajen Kubwa, akwai ruwa, akwai ciyawa. Ko mu ɗan matsa."

Ba ta yi gardama ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye ƙwaryar, ta shiga ɗaki, ta durƙusa da gwiwoyin nan nata, ta jawo wani dami daga ƙarƙashin gado. Sandunan bukkarta ne, lanƙwasassu, hayaƙi ya baƙanta su, ɗaure tsaf da igiyarsu. Ya ɗauka tun a ruga ta zubar da su.

Ta ce, "Ga su nan, Malam. Dama ban kwance ba."

Bappayo ya daɗe yana kallon damin. Ashe duk watannin nan da take share tsakar gida tana jera ƙore a bango, ba ta taɓa gaskata shi ba. Kuma ba sharri ta yi masa ba, ta san mijinta ne. Ya juya ya fita, ya nufi gonar Yamusa.

Ya same shi a kan kunyar doya. Sai da suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ba abin da ya rage sai maganar. Ya ce da ƙyar, "Maƙwabci, gayya na zo roƙo."

Yamusa ya dogara da garmarsa yana dariya. "Kai, Baffa? Yau Fulani tana neman mai tono? To ka zo da hannunka, ba za ka tsaya kana nuna mana da sanda ba."

Aikin ya ci kwanaki. Lydia ta tara mata suka yi ta ɗauko ruwa daga rafi, tuluna a kafaɗa yadda suka saba, suna ɗurawa ta bututun har ya tumbatsa. Maza suka kwashe kayan ɗakin, suka ture bangon gabas, suka shiga tono. Bappayo na cikinsu, yana saran ƙasa a karkace, samari na yi masa tsiya wai kada ya sare ƙafarsa. Tafukansa suka yi bororo suka fashe. Sau da yawa yakan miƙe ya dubi hanya, sai ya tofa yawu a hannu ya sake sunkuyawa. Da tankin ya bayyana, jajawur da tsatsa, suka kwashe ruwan cikinsa da bokitai zuwa bayan gari, suka ɗaura igiyoyi, aka roƙi wani direba ya ja shi waje.

Dallatu ya dawo ya leƙa ramin, ya sansana ƙasar, ya sa aka kwashe wadda ta jiƙe da mai aka cike da sabuwa. Sannan ya ce, "To Baba, a hura wuta."

Gidan ya koma kamar kango: ɗaki ba bango ɗaya, tarin ƙasa a tsakar gida, gado a gindin mangwaro. Bappayo ya tashi zai je neman itace, don an daɗe ba a ajiye ko ƙirare ba. Hindatu ta ce ya zauna. Shi da bai iya zama ba, ya zauna.

Ta jawo damin nan, ta kwance igiyar, ta zaro sanda ɗaya ta taka ta karya. Ta zaro ta biyu. Ta jera su a tsakanin duwatsun murhu, ta miƙa masa ashana ba tare da ta dube shi ba.

Ta ce, "Ƙyasta, Malam. Sun bushe, za su ci."