Ranar da Munka Sa wa Gawo Ganyen Aro

Cikin dukan shekarun da na yi da jar hula bisa kaina, akwai rana guda da ba ta taɓa fita raina ba, ita ce ranar da munka ɗaura wa gawo ganyen da ba nasa ba. Ku da kuka shigo aikin gandun daji jiya-jiya, ku gyara zama. Kai ma mai murmushi can baya, ka bari sai ka ji inda za a yi dariyar.

Lokacin yaƙin Nasara na biyu ne, ina sabon gardi. Tsarin aikin a wancan zamani ba shi da wuyar ganewa. Kumandan, wato Nasaran da ke mulkin ƙasa, yana zaune Madawa. Ƙarƙashinsa akwai mu gardawa, alamarmu jar hula da kaki. Bisa gardawa akwai birgaje, shi ke karɓo umurni daga biro, wato ofishin kumandan, ya raba muna. Namu birgajen sunansa Attahir, tsohon soja ne, dogo, mai son a ji muryarsa. Faransancinsa duka bai wuce "wi mon kumandan" da "gardabu" ba, wato "to, kumandan" da "a ƙame", amma yadda yake furta su sai ka rantse can anka yanke cibiyarsa.

'Yan shekaru kafin yaƙin anka kafa dokar itace, anka hana saran gawo. Ni da Birgaje anka ba mu ƙasar Buza. Aikinmu shi ne in lokacin sassabe ya yi mu bi gonaki, duk inda ɗan gawo ya tsiro mu hana a share shi. A bar masa sanda guda wadda ta fi miƙewa, a rage rassan gefe, a kewaye shi da shingen ƙaya saboda awaki. Da rani kuma mu tsaya wa makiyaya, su sassabo reshe don dabbobinsu amma kar su yi wa icce aski kwal. A kwarin Tabotaki, bakin hanya, akwai gonar wani tsoho, Baba Nomau. Nan aikin ya fi karɓa, don shi tsohon tun kafin doka ba ya taɓa gawo. Itatuwan sunka tashi jere, kowane ya wuce mutum bisa doki.

Kumandan namu, wanda muke kira Jan Wuya in ba ya kusa, ya ɗauki gawon nan kamar shi ya haife su. Sai dai bai taɓa ganinsu ba sai da rani, don da damana ƙoramu kan yanke hanya. Kun san halin gawo: da rani, lokacin da kowane icce ya bushe, shi ne kore shar, ruwa na sauka, kowa na yin ganye, shi sai ya zubar da nasa ya tsaya tsirara. Jan Wuya bai san wanga ba, kuma ba wanda ke da wuyan da zai gaya masa. Mun ga abin da ya faru da wani gardi abokinmu: wani ɗan icce da kumandan ya dasa ƙofar gidansa ya kaɗe ganye, anka tuɓe wa bawan Allah hula anka tura shi aikin hanya, ɗaukar duwatsu. Shi Birgaje kuwa, gabana Jan Wuya ya nuna masa gawon Tabotaki da sanda ya ce ta bakin mai fassara, ran da guda ya mutu, hularsa ta tahi, shi kuma sai aikin hanya.

To, tsakiyar damana, hatsi ya kai ƙugu, muna Tabotaki sai ga mai doki daga Madawa. Ya ce wani babban Nasara mai duba itace ya zo daga nesa, gobe kumandan zai kawo shi ya ga gawo.

Birgaje ya ɗaga kai ya dubi itatuwan. Ko ganye guda babu, sai farar ƙaya da tsuntsaye. Ya dafe hularsa da hannu biyu kamar ana iska.

Baba Nomau yana noma kusa, ya jingina da hauyarsa ya ce, "Birgaje, mi ya yi zafi? Ka gaya musu haka Allah ya yi shi mana."

Birgaje ya ce, "Baba, ka taɓa yi wa Nasara bayani? Kafin mai fassara shi kai ƙarshen magana, dutse na bisa kanka."

Ya yi ta kai da kawowa yana jan gemu, har idonsa ya faɗa kan bagaruwar da ke bakin ƙorama, ta yi ganye luf-luf. Ya juyo ya ce mini, "Illa, ganyen bagaruwa da na gawo, ba ƙanana ba ne duka?"

Na ce, "Ƙanana ne, ranka shi daɗe, amma..."

Ya ce, "Amma ta ƙare. Nasara bai san bagaruwa ba, bai san gawo ba, kore kawai ya sani. Za mu ara."

Ni dai sabon gardi ne, kuma gaskiya ni ma ina son hulata. Gari na wayewa munka shiga bagaruwa da gatari. Baba Nomau ya zauna bisa kunya yana kallonmu, yana ta girgiza kai. Ya ce, "Ikon Allah! Bara kun kusa kai ɗana Madawa a kan reshe guda. Yau ga gardawa biyu na sara kamar masu gina rumbu."

Birgaje ya ce, "Wanga saran gwamnati ne, Baba."

Hawan gawo ba wasa ba ne, ƙayarsa ba ta san jar hula ba. Ni na hau, Birgaje na miƙo rassa daga ƙasa yana ba da umurni. Na ce a ɗaure kowane reshe da kabarsa daban. Ya ce ina, ɓata lokaci ne, a soja ba haka ake yi ba. Ya sa anka kawo doguwar igiyar kaba, ya ce in bi da ita reshe zuwa reshe, in an gama da icce guda in tsallaka da ita na gaba. Ku riƙe maganar igiyar nan. Da ya ga ina jinkiri sai ya hau da kansa don shi nuna mini, bai kai ko'ina ba ƙaya ta kama wandonsa ta baya ta raba shi biyu. Tun daga nan duk inda zai juya sai ya juya da gabansa wajen mutane.

Da hantsi mun gama. Daga nesa, wallahi, abin ya yi kyau. Abu guda ne ya dame ni: bagaruwa lokacin furenta ne, duk rassan cike da 'yan dunƙulallun furanni rawaya. Furen gawo kuwa fari-fari ne dogo, kuma sai kaka. Na gaya wa Birgaje. Ya ce, "Ƙari ne. Nasara na son fure."

Ƙorama ta tsare baƙin, ba su iso ba sai azahar. Ganye ya fara lanƙwashewa, muna ta yayyafa masa ruwa da ƙwarya kamar masu farfaɗo da wanda ya suma. Sai ga su, kumandan da baƙonsa bisa dawaki, mai fassara biye, can baya raƙumin da ke ɗauke da kayansu. Baƙon wani tsoho ne siriri mai gilashi, wuyansa kamar na zalɓe. Birgaje ya buga ƙafa ya yi ihu, "Gardabu!" alhali ni kaɗai ne gardin da ke wurin.

Tsohon Nasaran ya sauka daga doki, ya tsaya, ya cire gilashi ya goge ya mayar. Ya taɓa jikin iccen. Ya ɗaga kai. Sai ya fara magana da sauri yana ɗaga hannuwa. Mai fassara ya ce muna, "Ya ce ya tsufa cikin aikin itace, ya bi ƙasashe, bai taɓa ganin gawo da ganye tsakiyar damana ba. Ya ce ga shi har da fure rawaya. Ya ce wanga sabon iri ne, dole a kai labarinsa har ƙasarsu."

Ashe mutumin da munka yi wa wahalar nan duka ya san gawo kamar Baba Nomau. Da mun bar itatuwan tsirara, da ya duba ya ce madalla ya wuce.

Jan Wuya kuwa sai ya buɗe ƙirji. Mai fassara ya raɗa muna cewa yana gaya wa baƙon wai dabararsa ce, shi ya koya wa gardawa yadda za su yi renon iccen. Baƙon ya ce a tsinko masa reshe guda. Birgaje ya dube ni, na dube shi, ba wanda ya motsa.

Raƙumi ne ya raba gardama. Mai jansa ya saki akala yana kallon Nasara, shi kuwa ya ga bagaruwa har da fure ta zo daidai bakinsa. Ya miƙa wuya ya cafki reshe ya ja. Reshen ya taho, na kusa da shi ya biyo, na gaba ya biyo. Mai raƙumi ya daka masa tsawa, raƙumi ya firgita ya zabura cikin hatsi da igiya a baki. Kuna ji, fyat, fyat, fyat, icce bayan icce na tuɓewa, rassa na bin raƙumi kamar shanyar da iska ta kwasa. Kafin a tare shi, gawon Tabotaki duk sun koma yadda Allah ya yi su, sai wani guntun kaba da ke lilo bisa kan kumandan.

Jama'ar gari kuwa sun riga sun taru kallo. Birgaje na tsaye ƙyam, hannu a goshi, ya manta da wando, ya ba jama'ar gari baya.

Tsohon Nasaran ya duƙa ya ɗauki reshe guda, ya dubi kabar, ya shinshina furen. Da Hausarsa ta tsinto ya ce, "Bagaruwa." Sai dariya ta kama shi. Ya yi ta yi har ya zauna dirshan bisa kunyar hatsi yana share hawaye. Da ya samu numfashi ya tambaya don mi munka yi haka. Birgaje ya ce, "Wi mon kumandan." Anka sake tambaya, ya sake cewa, "Wi mon kumandan."

Baba Nomau ne ya matso ya ce wa mai fassara, "Gaya masa tsoro ne. An ce musu ran da ganye ya faɗi, hula ta faɗi. Shi kuwa gawo kowace damana sai ya zubar. To ya za su yi?"

Mai fassara ya faɗa masa. Baƙon ya daina dariya. Ya tashi ya kankare ɓawon icce guda da farce, ya nuna wa kumandan ɗanyen kore da ke ciki, ya nuna masa hatsin da ke ƙarƙashin gawo yadda ya fi na fili tsawo da duhu. Sunka yi magana da Faransanci, ba a fassara muna ba. Ni dai na ga wuyan Jan Wuya ya ƙara ja har kunnuwa.

Aikin hanya dai ya wuce mu, don ba icce da ya mutu. Amma kumandan ba ya barin wuri ba tare da ya ci wani ba. Ya sa hannu ya cire hular Birgaje, ya ce tun da an ce itatuwan na da rai, to ran da sunka yi ganye nasu na kansu sai shi zo shi karɓa. Kafin nan shi zauna Tabotaki shi gyara bagaruwar da ya sare.

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji na Birgaje sauran damanar nan ba. Mutumin da ko barci da hula yake yi, ga shi da sanƙo a rana. Kullum da safe sai ya je gonar Baba Nomau ya ɗaga kai yana duban rassa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon kan kawo masa fura ya ce, "Sha, Birgaje. Ba ya jin gardabu, sai lokacinsa ya yi." Mutanen gari kuwa sunka samu abin yi. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu Birgaje, kai ma ka zubar da naka?"

Ruwa ya ɗauke, anka fara yankan hatsi, sai ga ɗan kore-kore a bakin rassa. Ba a daɗe ba itatuwan sunka rufe, fure ya fito fari-fari, ƙudan zuma na ta kuka a kai. Birgaje ya karyo reshe guda mai fure, ya hau doki har Madawa, ya shiga biro ya aza shi bisa teburin kumandan. Jan Wuya ya juya reshen sama da ƙasa yana neman kaba. Da bai samu ba ya jawo hular ya miƙa masa.

Abin da na ɗauka daga ranar nan, na yi aiki da shi har na aje kaki. Icce ba a yi masa ƙarya, yana da lokacinsa, kai ne za ka koye shi. Mutane kuma, in ka ga suna ɓoye maka abu a gona, kafin ka ɗaga murya ka tambayi kanka wa ya tsorata su, don sau da yawa hularka ce. Yanzu ku ne masu hular.

In aiki ya kai ku Tabotaki, ku tambaya a nuna muku gonar jikokin Nomau. Itatuwan na nan, mutum biyu ba su rungume guda. Kuma in ruwan farko ya sauka ganye ya fara zuba, ba za ku ji kowa ya ce gawo ya kaɗe ba. Cewa suke yi, "A fito da iri, Birgaje ya tuɓe hula."