Hatimin Suwaiba

Malam Uzairu ya ƙare ƙuruciyarsa a kan benci ɗaya a Nasarawa Gwom, yana sassaƙa hatimi a jikin roba da reza. Makarantu, coci-coci, ƙungiyar direbobi, duk sunayensu sun bi ta hannunsa, a juye. Mutum ne mai ji da idonsa, shi ya sa da idon ya fara dusashewa bai gaya wa kowa ba. In ya mayar da aiki, sai ya ɗora wa kwamfuta laifin kashe kasuwa.

Ya sa 'yarsa Suwaiba a boko ne don kada ta taɓa reza. Sai ga ta ta zo hutu daga binciken da take yi a ƙasar waje, wai ita ma hatimi take yi!

"Na roba mai laushi, Baba. Maimakon tawada furotin nake shafawa, sinadarin nan mai gina jiki. In buga a kan gilashi, in zuba ƙwayoyin halitta masu rai, in ga ko za su manne a inda na buga."

"To, wa ke sa hannu a ƙasa?"

"Babu kowa."

Kansa ya ɗaure tamau. Hatimi ba suna, ba ofis, tawada kuma abinci?

Ta miƙa masa wani siririn gilashi da ta buga wa hatimin, ta kawo masa tsaraba. Ya ɗaga, ya juya, ya karkata. Bai ga komai ba. Shi ke nan, asirinsa zai tonu a gabanta.

"Layin ya fita," ya ce a hankali. "Hannunki ba ya rawa."

Suwaiba ta tuntsire da dariya. "Kai Baba! Ai ba mai ganinsa da ido, sai da na'ura."

Daɗi ya kama shi, ashe ba shi kaɗai ba ne. Ya yi dariya har da tari, ko da yake bai ga amfanin hatimin da ba a gani ba.

"Ga hotonsa an ƙara masa girma, ɗigo-ɗigo ne koraye." Ta ba shi wayarta, ta juya suna gaisawa da Okwuchi mai shagon takardu na kusa. Da ta juyo, yana riƙe da wayar dab da hancinsa, yana ta yabon yadda ɗigogin suka jeru reras.

Hasken kuwa ya daɗe da ɗaukewa, fuskar wayar baƙa ƙirin.

Wannan karon Suwaiba ba ta yi dariya ba. Ta zauna a gefen bencin, ta janye rezar daga kusa da hannunsa.

"Baba, tun yaushe?"