Tarin da Ban Goge Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, 14 ga Fabrairu, 2021, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Badaru Mijinyawa a wani asibiti a Dubai, bayan jinyar kwana tara.

Badaru, shekara huɗu muna kiɗa tare. Kowace Asabar mukan shige ɗakin nan da muka liƙe wa katifu a bango, bayan wani shagon kayan mota a Ras Al Khor. Kai ne mai jita, ni ne mai na'urar ɗaukar sauti. Ban taɓa ganin mai rigima da sauti irinka ba. Ka goga wa jita sifana, ka juya kiɗan gurmi ya koma da baya, ka sa na ja waya har cikin kwantena don ka ji amsa-kuwwar ƙarfe. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, ka kawo min kunu har masaukina a Al Rigga, sannan ka zauna ka ɗauki ƙarar cokalin a na'ura.

Faɗanmu ɗaya ne. Kai kana son a bar komai a cikin kiɗa, har tari da dariya da ƙarar kujera. Ni kuwa, mai tsabtar tsiya, kana fita nake gogewa. Kakan ce, "Labaran, ka bar mutum a ciki mana." In ce, "Khalas, an gama."

Kai ba ka waƙa, jita kawai kake kaɗawa. Ban damu da wannan ba sai da maiɗakinka Asama'u ta kira daga Zariya. Ta ce, "Malam Labaran, ka san shi da ƙin saƙon murya. Ka turo mana muryarsa, yara su riƙa ji."

Na buɗe kiɗa talatin da ɗaya, babu muryarka ko a ɗaya. Da hannuna na cire ka, ina jin na iya aiki.

Sai na ƙarshe, wanda ciwo ya kwantar da kai kafin in taɓa shi. Ka yi tari sau biyu, ka yi dariya, ka ce, "Yalla, mu sake. Wannan ma na san sai ka goge." Daƙiƙa bakwai ne duka. Duk sa'ad da na kunna, sai na waiga na dubi kujerarka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Allah Ya bai wa Asama'u da yara da dangi haƙuri, ni kuma su yafe mini.

Jiya na tura mata, Badaru. Har da tarin.