Shekarar da Zamzam Ta Ɓullo a Gidanmu

Jiya na buɗe ɗakin ajiya, warin danshi ya doki hancina, irin na tabarmar da aka naɗe ba ta bushe ba. Sai na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai, don warin nan ya mai da ni gidan kakannina a unguwar Misfala, kusa da Harami.

Tsohon gida ne a gangare, mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, wanda muke kira badarum. Idan aikin Hajji ya gabato, can muke komawa da katifunmu, a bar wa alhazai ɗakunan sama. A bayan bangonsa akwai tankin ruwan gida, shi ma a binne, wanda motar ruwa ke zuwa ta cika.

Wata shekara, ana tsakiyar zafi, bangon ya fara gumi. Fenti ya kumbura ya ɓare, daga baya ruwa ya soma tsattsafowa ta wata kusurwa. Kakata ta sauko tana dogara sanda, ta dangwala ta ɗanɗana, ta lura kusurwar tana kallon Harami. Ai shi ke nan!

"Zamzam ce," in ji ta. "Reshe ne ya biyo ta ƙasa ya iso mu."

Kada ka yi saurin yi mata dariya. Matar nan a ƙafa ta taho ƙasa mai tsarki tun tana yarinya, ta Chadi, ta Sudan, ta binne ƙanwarta a hanya. A ganinta, in Allah ya aiko mata da tukuici har gida, mene ne abin mamaki?

Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Tandabawi. Mata suka yi ta sallama, kowa da kofinta ko 'yar jarkarta. Kakata ta kafa kujera a gindin matakala tana rabo da ludayi, ta kuma kafa doka: ba mai shiga da takalmi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta rantse ciwon gwiwarta ya tafi, har ta taka rawa don a gani. Ban taɓa ganin Kakata cikin farin ciki irin na lokacin ba.

Kakana kuwa, mutum ne mai sayar da turare da carbi, magana ba ta dame shi ba. Shi ya lura cewa ranar da motar ruwa ta zo, Zamzam ɗinmu ambaliya take, in tanki ya yi ƙasa kuma sai ta tafi hutu. Babana ya ce a kira mai gyaran famfo a huta.

"Kira shi," in ji Kakana. "Gobe unguwa ta ji uwarka ta shayar da jama'a ruwan mota. Da wane ido za ta fita?"

To, amma bango yana ta laushi, alhazai kuma suna tafe. Sai ga Kakana, wanda ko Jidda ba ya son a je, ya ce ya kamata Hajiya ta kai godiya Madina. Aka haɗa ta da goggona suka tafi.

Motarsu ba ta ɓace ba aka kwashe ruwan tankin. Ga tsaga nan a jikinsa, tsawon hannu. Kakana da Babana suka sassaƙe bakinta, suka cike da siminti, da ya bushe suka shafe cikin tankin da maganin hana yoyo. Aka kankare bangon badarum, aka kunna masa fankoki. Mu yara aka tara mu, aka ce duk wanda ya buɗe baki ya yi sallama da kunnensa.

Kakata ta dawo da dabino da murna, ta sauka, ta tarar ruwan ya ƙafe ƙaf. Innalillahi! Ta tsare mu ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi saɓo a wurin nan? Ƙanena ya buɗe baki, saura kaɗan ya tona. Sai Kakana ya yi gyaran murya.

"Ni ne, Hajiya. Mantuwa na yi, na shiga da takalmi."

Ranar ya ji ta! Daga nan duk macen da ta zo da kofi, sai a nuna mata shi yana zaune. Matan suka yi ta jajanta mata, darajarta ma ƙaruwa ta yi, shi kuwa wasu suka daina sayen turarensa. Har ƙarshen zamansu, ko gishiri ya ce ya yi yawa a miya, sai ta ce wanda ya kori Zamzam da takalmi ba shi da bakin magana. Ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri.

Gidan babu shi yanzu, otal ne a wurin. Yau in bango ya jiƙe, waya kawai za ka buga, a zo da na'ura a nuna maka inda ke yoyo, a faɗa a gaban kowa. Ya fi sauƙi, ban musa ba. Amma ita ta rasu da yaƙinin Allah ya taɓa aiko mata da ruwa har ɗaki, shi kuma ya bi ta bayan shekara biyu, bai taɓa wanke kansa ba. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙansu.