Ƙananan Kofuna Biyar a Kan Katako

'Yata ce take rubuta wannan, ni ban san baƙi ba. Na ce kada ta gyara mini magana, in kuka ya zo ta jira in gama.

Uwata Bamagujiya ce, giyar dawa take dafawa. A gindin tukwanenta na tashi, ina shanya tsiron dawa ina iza wuta, har Malam ya musuluntar da ni ya aure ni. Tsawon zamanmu bai taɓa goranta mini ba. Ƙanensa ne ya riƙe wannan aikin. "'Yar mai giya" yake kirana, wai wasan ƙanen miji.

Su biyun suna New York, Malam yana jan tasi a filin jirgin JFK, ƙanen yana da shago a Titi na 125. Can Malam ya cika, can aka binne shi, ina gida ban ga ko likkafaninsa ba. Da na fita takaba, 'yar nan tawa da take jinyar tsofaffi a Stapleton, wata unguwa a tsibirin da ke ƙetaren ruwa a New York, ta kawo ni. Ƙanen ya tarbe ni a filin jirgi da babbar riga da dogon carbi. Ya durƙusa gaisuwa, sai na ji wani wari a ƙarƙashin turare da kanumfarin da yake tauna. Hancina ya gane, zuciyata ta ƙi yarda.

Ranar da aka taru yi wa Malam addu'a, rabin kujeru babu kowa. Wata 'yar Nijar ta ja ni kicin ta faɗa mini dalili. Ƙanen ya baza cewa duk Alhamis ana ganin motar Malam a ƙofar wani gidan giya, wai ni na koya masa. Mutumin da ko goro ba ya ci!

Alhamis na zuwa na ce wa 'yata ta kai ni gidan giyar. Ta roƙe ni in haƙura, na ɗaura hijabi na tsaya a bakin ƙofa. Muka hau jirgin ruwa muka ƙetara.

A gidan giyar suke dafa abarsu, a nan suke sayarwa. Manyan tankunan ƙarfe suna ƙyalli a bayan gilashi, amma warin na tsakar gidan uwata ne sak. Mai dafawar wata Baturiya ce da dogayen takalman roba. 'Yata ta nuna mata hoton Malam a waya, ta dafe ƙirji. Ta ce ba ya ko zama, ruwa kawai yake karɓa, ya tsaya a bakin ƙofa har ƙanensa ya gama ɗanɗana sabuwar dahuwar mako, sannan ya kama hannunsa ya kai shi gida. Ita a tunaninta ta'aziyya take mini.

Na ce ta jera mini abin da take jera wa ƙanen. Ta kawo katako da ƙananan kofuna biyar, daga mai launin zuma har mai baƙin gawayi. Ko ɗigo bai taɓa leɓena ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa yadda uwata take yi. Na ce na biyu an bar tsironsa ya ƙone, na huɗu an zuba masa ɓawon lemo. Baturiya ta riƙe baki tana dariya. Da na zo kan na uku na ajiye shi gefe. Shi ne warin filin jirgi.

Bayan la'asar ƙanen ya shigo, ba hula ba babbar riga, sai wando da 'yar jaket. Ya tarar da ni a kujerarsa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. An jera maka. Na ukun ne naka, ko?"

"Yaya, me ya kawo ki nan?"

"'Yar mai giya ce ta zo gida. Kai me ya kawo ka?"

Ya yi ƙasa da murya. "Don girman Allah ki rufa mini asiri."

"Mai rufa maka yana kabari, ka bi shi can ka tona masa."

'Yata ta taɓa ni. "Umma, Baffa ne fa."

"Na san ko wane ne."

Na ce gobe Juma'a, ana sallamewa, ya miƙe gaban jama'a ya faɗi abin da yake kai motar Malam ƙofar nan. In ya ƙi, da kaina zan ɗauko katakon nan in ajiye a cikin takalman masallata in zauna kusa da shi ina bayani.

Washegari a masallaci ya miƙe kuwa. Ina bayan labule a wajen mata, yana cinye rabin maganar. Na ɗaga murya na ce, "Mu nan ba mu ji ba!" Ya maimaita daga farko. Liman ya sa aka sake yi wa Malam addu'a, masallaci a cike, na yi kukan da ban samu yi a gida ba.

Yanzu kowa cewa yake in yafe. Da Malam ne zai yafe, na sani, halinsa ke nan. Ni ba Malam ba ce. Duk Juma'a ƙanen yana bugo waya, ina zaune ina kallonta har ta gaji ta yi shiru.