Littattafan Rabi Suna Hannuna

Shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanwata Rabi a Gangara. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, karatuna bai yi nisa ba. Ita ce ta kai jami'a har ta fara binciken digirin dakta, kuma tambaya ɗaya ta sa a gaba: in hukuma ta hana fitar da hatsi daga Damargu a shekarar fari, na wa ake tsarewa a shinge, na wa ke wucewa?

Shekara biyu ta yi tana bin kasuwannin Tanut da Belbeji, tana zama da manoma da direbobi tana rubutawa. Abin da ta gano bai yi wa manya daɗi ba. Dokar ba ta hana hatsi fita ba, zaɓen mai fitarwa take yi. Manomi ya sayar da arha don an toshe masa hanya, mai takardar izini ya kwashe ya kai inda ake tsada, daga nan kuma bakinsa ya mutu a gaban wanda ya sa masa hannu.

Ina cikin masu takardar. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da aka kira ta wani ofishi aka ce ta bari ta ƙi, ni aka turo in lallashe ta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Yaya, ba kai nake farauta ba. So nake mutane su san yadda ake yi." Aka janye takardata. Wata uku ban yi mata magana ba, kuma ciwon da ya ɗauke ta bai jira na gama fushi ba.

Bayan sadakar arba'in wasu mutum biyu daga ofishin nan suka zo karɓar littattafanta. Na ce musu gado ne, ba a raba ba tukuna.

Yau masu mulki sun canza, shingaye sun ƙaru, kowace doka an ce don talaka aka yi ta. Da Rabi na raye ba za ta yi mamaki ba. Alƙalami za ta ɗauka ta tambayi wa ke sa hannu yanzu.

Ba ta samu digirin ba, ba ta bar ɗa ba. Rubutunta ta bari, kuma tafin hannu ba ya rufe rana. Bara na ba wata ɗalibar jami'a ta kwafe shi duka, na ƙara mata da abin da ni kaina na aikata. Wanda abin bai yi wa daɗi ba, ya san rumfata a kasuwar Tanut.