Wanda Ya Haƙa Kabarin Baba Harisu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Maris 1980, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Harisu direba a gidansa na Mabai, bayan jinyar sati biyu. Ban je dubiya ba. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni.

Baba, shekara goma sha tara kana jan babbar mota tsakanin Funtuwa da Chadi. Kai ka riƙa ba ni tsofaffin jaridu har na iya karatu ban taɓa shiga aji ba. Da bakina ya buɗe, a kanka na fara gwada shi.

Bara, da aka yi juyi a Iran, muka kafa ƙungiyar samarin Musulmi, Gide ne shugabanmu. Na kawo maka takarda mai cewa babu ƙawance da wanda ba namu ba. Ka karanta, ka ninke, ka ce: "Almu, wa ya buga wagga? Kowace takarda da ubangidanta. Dubi Chadi. Faransa na riƙe da wani, Libiya na riƙe da wani, ga su nan suna salla suna kashe juna. Mu kuma munka tara su a Kano don sulhu, munka tura soja ba mu san wa ke tare da wa ba, sunka koro mu. Ni na san abokin ƙawancena, gonarshi na jikin tawa."

Baba Ɗanjuma kake nufi, Bamagujen da kuka shekara talatin kuna gayya tare. Na kira ka ɗan koren arna a gaban mutane. Wata takwas ban gaishe ka ba.

Ranar rasuwarka Gide ya ce kada ɗan ƙungiya ya taka maƙabarta. Alhali mu samari mu ne masu haƙa. Na tafi ni kaɗai. Ƙasa kamar dutse, ga Baba Ɗanjuma cikin rami har gwiwa, tsoho da shi. Ya ɗago ya ce, "Ɗan malam, takardar taku ta hana riƙon diga? In ba ta hana ba, amshi, ƙuguna ya ƙare." Na amsa. Da aka tsaya salla ya koma gindin kuka ya jira mu.

Ƙungiya ta kore ni. Na gaji, Baba. Gafarar da ban nema ba kana da rai, yau wa zai ba ni ita?

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Safara'u, ke da yara Allah ya ba ku haƙuri. Gobe zan shigo gaisuwa. In kin ƙi amsawa kin yi daidai. Jibi ma zan dawo.

Almu, Mabai